Ranar da Mati Ya Tuge Turke

Mahaifina Mati bai taɓa riƙe sarauta ba, ko ta mai unguwa. Jirginsa ɗaya ne, na itacen maɗaci, ya sha faci har ba a gane asalin jikinsa. Amma daga tungarmu ta masunta, ƙasa da Shanga kaɗan, har kasuwar Yelwa, in aka ce Mati mai turke kowa ya san wanda ake nufi, kuma ba kowa ke kiran sunan da daɗin rai ba. Ni ce Laraba, 'yarsa ta biyu. Ina da hannu a abin da ya same shi, don haka na fi kowa haƙƙin ba da labarin.

A tsibiri aka haife shi, cikin waɗanda ruwan Kainji ya haɗiye lokacin da aka tare kogi. An kwashe su aka ba su ɗakunan siminti can kan tudu, inda sai mutum ya yi tafiya kafin ya ga ruwa. Damina biyu ya yi a wurin, ya ce shi ba zai iya ba. Ya ɗauki Inna Hansatu da yayata a goye, suka hauro arewa zuwa inda kogin Kwara bai zama tafki ba, wajen kawunsa. Mutum ɗaya ne ya biyo shi, abokinsa Ɗanbaba. Tsibirinsu ɗaya, rana ɗaya aka yi musu kaciya, kuma a jirgi ɗaya suka koyi tuƙi. Da suka iso ma darni ɗaya ya raba gidajensu.

Wanda bai zauna bakin Kwara ba yana zaton kogi sau ɗaya yake cika a shekara. Namu sau biyu yake. Da damina farin ruwa ke zuwa, mai laka kamar kunu, ya haye gaɓa ya malale fadama. Sai ya janye. Can cikin sanyi, lokacin da ba a ko tunanin hadari, sai baƙin ruwa ya iso, garau da shi, daga wasu ƙasashe masu nisa inda aka yi ruwan sama watanni da suka wuce.

Bayan tungarmu akwai Tafkin Giyayya, wanda wani siririn baki ke haɗa shi da kogi. In farin ruwa ya taso, manyan kifaye kan bi shi su shiga fadama su zuba ƙwai cikin burugu, ciyawar nan mai zaƙi da ke tasowa tare da ruwa. A nan 'ya'yan ke ɓuya su ci su yi ƙiba, inda babban kifi ba ya iya kutsawa ya haɗiye su. In farin ruwa ya janye, bakin ya bushe, sai su taru a tafkin su jira. Baƙin ruwa ne ke zuwa ya buɗe musu hanya, su fita kogi sun yi ƙwari. Baba yakan ce faliyar da za mu ci baɗi waccan tana cikin burugu yau, ba ta kai ɗan yatsa ba.

Aikin da ya gada wajen kawunsa shi ne tsaron wannan jira. Da farin ruwa ya shiga fadama, sai ya sari reshen giyayya mai kauri, ya ɗaura masa damin burugu a ka, ya kafa a bakin tafki. Shi ne turke. Muddin yana tsaye, an ɗaure ruwa. Mata na iya ɗiba, shanu na iya sha, amma taru ba ya shiga, ƙarfe ma ba ya shiga, ko ƙugiya ko mashi ko lauje ko fartanya. In baƙin ruwa ya zo ya kwashe ƙananan, sai ya tuge turken, a yi su, wato kamun kifi na taron jama'a, kowa ya kama tarwaɗa da gaiwa da balli da suka maƙale. Da zarar an tuge shi, ruwa na kowa ne, kuma ba a sake kafa shi sai wani farin ruwan.

Ba a biyansa komai sai kason farko ranar su. Amma yadda ya riƙe abin, ka rantse albashi yake karɓa. Kullum da safe sai ya zagaya tafkin da ƙafa, ya tsuguna ya buɗe burugu da hannu yana leƙe. Mutum ne maras yawan magana, sai dai in kan kifi ne, to nan kuma sai ka gaji. Ga taurin kai. Ina ƙarama Inna ta taɓa ɗaukar lauje za ta yanko wa awakinta burugu a gefen tafki, can inda ruwa bai kai idon sawu ba. Ya hango ta, ya zo ya karɓe laujen a gaban mata masu wanki, ya rataye shi a giyayya, sai da aka yi su ya mayar mata. Wata uku tana tsinkar ciyawa da hannu tana yi masa habaici, shi kuwa ko gezau. Masu jin haushinsa ma sun daina gunaguni daga ranar, don wanda ya karɓe laujen matarsa ba zai bar maka taru ba.

Na auri Bello, ɗan Ɗanbaba na fari. Ni na so shi, ba wanda ya tura ni, kuma iyayenmu sun yi murna kamar su suka haɗa. Na san ba a kiran sunan suruki. Shekaru na yi ina ce masa Baba, ina durƙusawa in gaishe shi. A wannan labarin dai da sunansa zan kira shi, duk wanda ya ga rashin kunya ce ya gani.

Abin ya faru a sanyi na biyu bayan an yanke mu daga Sakkwato aka ce mu 'yan Kebbi ne. Mun sha shekarun ƙarancin ruwa kafin nan, amma daminar ta yi kyau, farin ruwa ya kai har gindin gonakin gero. Baba ya dawo daga zagaye wata safiya yana murmushi shi kaɗai. Ya ce tun da ya karɓi turke bai taɓa ganin 'ya'yan faliya irin na bana ba, in ka buɗe burugu sai ka ga ruwan yana motsi. Har da 'ya'yan giwan ruwa, waɗanda aka jima ba a gani ba.

Sai baƙin ruwa ya gaza. Ya zo, ba wai bai zo ba. Baba yana soka kara a gaɓa kowace safiya, washegari ya tarar ruwa ya wuce shi, ya soka wani. Ana nan sai wata safiya ya tarar da karan jiya a bushe. Ruwan ya tsaya saura kamu biyu ya kai bakin tafki, ya yi kwana huɗu a nan, sannan ya fara ja da baya. Tsakanin tafki da kogi taki saba'in ne, yashi a sama, busasshiyar laka a ƙasa mai taurin tsiya.

Tafkin kuwa yana ƙanƙancewa. Burugu ya kwanta a tabo, wurin ɓuya ya ƙare. Zalɓe da kwasakwasa suka yi sansani, da safe ka ga gaɓar ta yi fari. Ƙananan kifin suna tasowa sama suna buɗe baki saboda ruwan ya yi musu kaɗan. Baba ya daina cin abincin kirki. Ya ce in aka ƙara wata ɗaya a haka, abin da tsuntsu bai ci ba zai ruɓe.

Mafita ɗaya ce, kuma an taɓa yi zamanin kawunsa: a yi gayya a haƙa bakin. Ruwan tafki ya fi na kogi tudu, in aka yanka hanya zai gangara da kansa ya tafi da 'ya'yan kifin. Amma garma ƙarfe ce, diga ƙarfe ce, ga turke a tsaye.

Inna ta ce masa, “Malam, kai ad da turke. Bar shi tsaye, a yi ginar, wa za ya ce maka don mi?”

Ya ce, “In na bari garma ta shiga yau da turke tsaye, gobe wani shi shigo da lauje shi ce ai an yi. Jibi taru.”

“To in ka tuge hwa?”

Ya san amsar. Kwana uku yana juya abin. Da rashin gaskiya ne da shi ko kaɗan, da ya kau da kai an haƙa, da ba a yi wannan labarin ba. Har yau in na tuna sai in ji haushinsa ya kama ni tare da tausayinsa.

A wannan shekarar Ɗanbaba ya yi ta zirga-zirga zuwa garin Wara, can bakin babban ruwan Kainji. Ya dawo da wasu manyan ƙunshi cikin buhuna, aka jibge a ɗakin ajiya. Na leƙa na gani, dala ce, tarun nan mai ido kamar gidan sauro da ake jan ƙananan kifin warangi da shi a babban ruwa. Bello ya ce mini ta wani ce aka ba su ajiya. Ban sa komai a raina ba, har na riƙa kore musu ɓeraye.

Ranar wata Litinin da hantsi ina tankaɗe sai Ɗanbaba ya kira ni. Na je na durƙusa.

Ya ce, “Ɗiyata, tahi wurin babanki. Ki ce mai na yi magana da mutane, tungarmu da ta gaba. Garma arba'in na samu. Ran Alhamis da sahe shi tuge turkenai, mu gina mai bakin nan kahin la'asar. Ki ce ni nac ce ba mai jiƙa taru. Hansatu ta yi tuwon gayya.”

Darni ɗaya ne tsakaninsu. Da ya ɗaga murya ma Baba zai ji shi. Ban tambayi kaina me ya hana shi zuwa da ƙafarsa ba. Daɗi ne ya rufe ni, wai surukina ya aike ni da babbar magana, kuma maganar da za ta sa ubana ya ci abinci. Sai daga baya na gane. Shekara hamsin suna tare, Baba zai karanta fuskarsa kafin ya rufe baki. Fuskata kuwa ba abin da ke cikinta sai murna, don ni ma ban sani ba.

Na tarar da Baba yana gyaran filafilin tuƙin jirgi a inuwa. Na faɗa masa. Ya ɗago ya dube ni.

“Da bakinai yac ce?”

“Da bakinai, Baba.”

“Ba mai jiƙa taru?”

“Haka yac ce.”

Ya sauke ajiyar zuciya ya ce, “To, alhamdu lillahi.” Ya ce da Inna ta zuba masa abin da ya rage a tukunya. Na zauna ina kallonsa yana ci, ina jin kamar ni na kawo baƙin ruwan.

Kwana biyu muka yi muna surfen shinkafa, ni da Inna da maƙwabta. Ta fito da kukarta da daddawarta da busasshiyar tarwaɗar da take ɓoyo, Baba ya aika Shanga aka sayo goro. Ranar Alhamis rana na fitowa muka kai tukwane gindin giyayya muka haɗa murhu.

Mutane sun zo. Wajen goma sha biyar na tsaye a gaba da garemani a kafaɗa, Ɗanbaba na tsakiyarsu. Baba ya duba ya ce ina sauran, aka ce suna tafe. Ya naɗe wando, ya shiga tabo, ya yi bisimilla, ya kama turken da hannu biyu ya girgiza. Ya ɗan yi gardama, sannan ya fito. Ya ɗaga shi sama yadda aka saba, ya ce, “Na kwance.” Ya fito ya kwantar da shi a gaɓa, ya ɗauki digarsa ya nufi wajen bakin, yana nuna inda za a fara.

Ba wanda ya bi shi. Ya yi taki kamar goma kafin ya lura, ya waiwayo. Mutanen suna ajiye garemani a ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Daga bayan itatuwan giyayya sai ga sauran sun fito, sun ɗauko jirage biyu a ka, wasu na biye da buhunan nan da na sani. Bello na cikinsu.

Baba ya dawo a hankali har gaban abokinsa. Bai ɗaga murya ba.

“Ɗanbaba, mi na na wanga?”

“Ruwa kwance shike, Mati. Kai kak kwance shi, kowa ya gani.”

“Don gina nak kwance.”

“Turke bai san don mi ba. An tuge, an tuge.” Ɗanbaba bai dubi idonsa ba, tafkin yake kallo. “Ka ji in gaya maka. Ko mun gina, rabi tsuntsu ya ci, rabi su gangara na Wara su kwashe da dalarsu. Shekara nawa kana kiwon kihi ma mutanen da ba su san sunanka ba? Mu mun yi tsaro, su su ci? Ga mai mota can yana jira, buhu-buhu shika saye. Bana dai mu ma mu ci.”

Ba zan ce duk maganarsa ƙarya ce ba. An sha wuya a shekarun nan, kuma gaskiya ne a babban ruwa ana jan dala ba mai hanawa. Da ya zo ya faɗi haka a gaban mutane kafin a tuge, a yi gardama, wanda ya rinjaya ya rinjaya, da ban riƙe shi a zuciya ba. Amma ya san Baba ba zai yarda ba, ya kuma san ba zai bari a haƙa da turke tsaye ba. Gaskiyar mutumin ya auna ya ɗana masa tarko da ita, ya sa 'yarsa ta kai.

Baba ya juyo ya dube ni. Sau ɗaya, bai daɗe ba. Ina tsaye da muciya a hannu, na rasa inda zan sa kaina.

Ba abin da zai iya yi. Ba zai mayar da turke ba, al'ada ta hana, kuma shi ne mutumin da bai taɓa karya ta ba. Ba inda zai kai ƙara, don ba wanda ya taka doka. Ya je ya zauna kan saiwar giyayya, digarsa tsakanin ƙafafunsa.

Suka zagaye tafkin da dala, suka kasu biyu suna jan igiya. Na sha ganin ana su a tafkin nan, ana kiɗa ana ihu ana tsokanar juna. Wannan ba kiɗa, ba mai magana sai nishi. Da tarun ya iso gaɓa sai da mutum ashirin suka taru kafin su fito da cikinsa. Aka zazzage a yashi. 'Ya'yan faliya kamar tafin hannun jariri, karfasa, 'ya'yan balli, 'ya'yan giwan ruwa da ba su wuce yatsa ba, kifin da in an bar shi sai mutum biyu sun ɗauke shi. Suna ta tsalle a yashi, can suka daina. Mata suka zo da tabarmi da buhuna suna bazawa a rana, shanyar ta kai tun daga gindin giyayya har hanyar shanu. Wai duk abincin kaji za a yi da su a Kudu.

Da azahar yunwa ta kama su, sai suka fara satar kallon tukwane. Inna ta rufe su ta zauna a gaba, ta ce wanda ya isa ya zo ya buɗe. Baba ya ce daga inda yake, “Hansatu, ba su. An dahwa don wanda yaz zo.” Ta dube shi kamar ta rufe shi da duka, ta tashi ta bar wurin. Wasu kunya ta hana su. Da yawa kuwa suka shafa wa idonsu toka suka zauna suka cinye tuwon gayyar tas, har da neman ƙarin miya. Na san su ɗaya bayan ɗaya, wasu suna nan da rai.

Da yamma na tare Bello a ɗaki na ce, “Ka sani?” Ya sunkuyar da kai ya ce babansa ne ya ce kada a gaya mini, don ba ni da riƙon magana. Wato an zauna an yi shawara a kaina, a gidan da nake shara nake girki, an ga ni ce daidai aiken. Ban yi kuka a gabansa ba. Na ce masa Allah ya isa tsakanina da duk wanda ya zauna a wannan shawara.

Kwana uku suna ja, har tarun ya koma fitowa da tabo da katantanwa. Mota ta zo ƙarshen hanya ta yi lodi. Rana ta huɗu Bello ya kai wa Baba kason mai turke, daro guda cike da busassun 'ya'yan faliya. Baba ya amsa gaisuwarsa yadda ake amsa ta suruki, ya ce ya ajiye. Daron ya kwana biyu a inda aka ajiye shi, Inna ta gaji ta kai bayan gida ta binne.

Washegarin kawo kason Baba ya ɗauki diga ya tafi bakin tafki shi kaɗai. Ya ce dala ba ta shiga ƙarƙashin saiwoyi, dole akwai waɗanda suka tsira. Inna ta bi shi da fartanya tana faɗa. Ni ma na ɗauki ƙwarya na bi su, ban nemi izinin kowa ba, kuma ba wanda ya yi ƙarfin halin hana ni. Shi yana sara, Inna na ja, ni ina kwashe ƙasa. Aikin da mutum arba'in za su gama a yini ya ci mana kwana goma sha ɗaya, don kullum kogin na ƙara ja da baya, taki saba'in ya zama tamanin da wani abu. Hannun Baba ya fashe, ya naɗe da tsumma ya ci gaba. Masu wucewa na cewa sannu da aiki, yana amsawa. A kwanakin nan bai taɓa tayar mini da maganar saƙon ba, ni ma na kasa.

Ranar da muka fasa, ruwan ya gangara siriri, faɗinsa bai fi kamu biyu ba. Baba ya karɓi farin kwanon da muka zo da abinci, ya wanke, ya nutsa shi a tsakiyar hanyar ya danne da dutse, don duk abin da ya bi ta kai a gan shi. Ya tsuguna. Tun hantsi yake nan har rana ta yi ja, ko salla a gefen wurin ya yi. Ruwa na ta wucewa kan kwanon, fari tas. Can sai wani ɗan baƙin abu ya gifta, sai a daɗe kuma. Da ya miƙe gwiwoyinsa sun ƙage, sai da na kama shi. Na ce nawa, ya ce talatin da ɗaya.

Na koma ɗakina. Ina da ciki wata biyar a lokacin, kuma Baba da kansa ya ce in koma. Na ci gaba da durƙusa wa Ɗanbaba kowace safiya, yana amsawa da sakin fuska, har ya sayi injin jirgi. Shi da Baba ba su yi faɗa ba. Suna gaisawa a masallaci, suna haɗuwa a jana'iza. Hira ce dai ta mutu, aka kuma toshe 'yar ƙofar da ke jikin darni.

Da farin ruwa ya dawo Baba ya sake kafa turke. Bai yi wata ba aka fara yankan burugu a gefensa da rana tsaka, ana zagayewa da taru. In ya yi magana sai a ce ai bara ma an ci ba abin da ya faru. Masu tafkunan gaba da mu suka ji labarin mota, su ma suka nemo dala. Ba zan ce Tafkin Giyayya kaɗai ke ciyar da Kwara ba, amma daga namu aka koya.

Shekara biyu bayan nan, lokacin da ya kamata faliyar nan ta cika taruna, sai aka neme ta aka rasa. Masunta na kwana uku a ruwa su dawo da abin da bai cika ƙwarya ba. Mu masu bandar kifi muka koma hura wuta don kurungu biyar. Magana ta zagaya har Yelwa, kuma kamar yadda magana take, ta gajarce a hanya. Abin da ya rage a bakin mutane shi ne Mati ya tuge turke kafin lokaci.

Wata rana dattawa uku daga wata tunga ta ƙasa da mu suka zo takanas. Na zo gaida Inna, ina bayan darni ina jin su. Bayan gaisuwa babbansu ya ce, “Mati, mun san kawunka, mun san ka. An ce kai kat tuge da ɗiyan kihi cikin tabki. Mun ce sai mun ji daga bakinka.”

Baba ya ce, “Ni nat tuge.”

“Haka kawai?”

“Da hannuna.”

Suka jira ko zai ƙara wani abu, bai ƙara ba. Babban ya ce, “Ashe haka kake.” Suka tashi ba su sha ruwan da aka kawo musu ba.

Na fito. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce, “Baba, don mi ba ka gaya musu ba? Ruɗinka anka yi. Garma arba'in anka ce maka. Ka bari suna tahiya da sunanka haka?”

Ya dube ni, ya dubi yarinyar da ke goye a bayana. Ya tsufa sosai a shekaru biyun nan.

Ya ce, “Laraba, in na ce an ruɗe ni, sai su ce wa yak kawo maganar. Shi bai taɓa ce man komi ba da bakinai. Ke kuwa can gidan kike kwana.”

Ya sunkuya ya ɗauki kwanon ruwan baƙin ya miƙo mini, ya ce in mayar ciki.